Fastar gandun Vanoise da mai sayarwa ya ce ta 1930 ce: ta asali ce ko kwafi, kuma yaya ake adana ta?

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka san tsofaffin fastocin Faransa su haska mini hanya.

Akwai wata fasta a hannuna, faɗinta santimita 60, tsawonta 80. Zanen tsauni ne mai dusar ƙanƙara a kai, ga wata dabba mai dogayen ƙahoni tsaye a kan dutse, an rubuta "Parc national de la Vanoise" da manyan baƙaƙe, sannan a kusurwar ƙasa akwai sa hannu da nake karantawa "Samivel". Wanda ya sayar ya ce bugun litogirafi ce, wato tsohon bugun da ake zana hoto a kan dutse a buga, ta wajen 1930, daga cikin fastocin da ake yi don kiran mutane su kare tsaunuka.

Abin da ya sa ni shakka shi ne, da na duba ta da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, sai na ga launin sararin samaniyar duk ƙananan ɗige-ɗige ne a jere, ba shafe yake ba. Na sha jin cewa duk fastar da aka ga ɗige a jikinta kwafi ce.

Tambayoyina uku ne. Shekarar da aka faɗa za ta yiwu? Ɗigen nan yana nufin jabu ce? Kuma da yake a Zinder za a rataye ta, inda zafi da ƙura suke kamar yadda kuka sani, wane irin firam ya dace da ita? An naɗe ta gida huɗu, akwai tsohon salatif a kusurwoyin baya, da 'yan tabo masu launin ƙasa a gefen ƙasa. Allah ya saka da alheri.

Mai Bin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam. Batun shekara dai ba sai an wahala ba, domin rubutun da ke jikin fastar ya riga ya ba da amsa. A 1930 babu wani abu mai suna Parc national de la Vanoise, wato gandun ƙasa na Vanoise a tsaunukan Alps na Faransa. Dokar da ta ba da damar kafa gandayen ƙasa a Faransa ta 22 ga Yuli 1960 ce, shi kuma Vanoise an kafa shi ranar 6 ga Yuli 1963, kuma shi ne na farko a ƙasar. Samivel kuwa, wanda sunansa na yanka Paul Gayet-Tancrède, an haife shi a 1907, ya rasu a Grenoble a 1992, kuma yana cikin mutanen da suka yi ta fafutuka har aka kafa gandun, tare da Gilbert André, magajin garin Bonneval-sur-Arc. Saboda haka fastarka ba za ta girmi 1963 ba, ko da kwana ɗaya.

Ba lallai ne mai sayarwar ya yi niyyar cuta ba. Mutane da yawa suna haɗa iri biyu na fastocin tsauni su ɗauka abu guda ne, alhali tsakaninsu akwai shekaru kusan talatin da kuma bambancin manufa.

Iri na farko fastocin talla ne. Kamfanin jirgin ƙasa na PLM, mai layin Paris zuwa Lyon zuwa gaɓar Bahar Rum, shi ne ya fi kowa buga su, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 da zanen irin su Hugo d'Alési, har zuwa zamanin Roger Broders wanda ya yi wa kamfanin aiki daga 1922 zuwa 1932. Saƙonsu ɗaya ne: sayi tikiti, zo Chamonix, zo ka ga Mont Blanc. Za ka ga otal, ka ga jirgi, ka ga masu hali sanye da kayan zamiya a kan ƙanƙara. Waɗannan su ne litogirafi na gaske, kuma su ne masu tsada a kasuwa. PLM ya narke cikin SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na ƙasar baki ɗaya, a farkon 1938, don haka duk fastar asali mai ɗauke da sunansa ta riga wannan shekara.

Iri na biyu, wanda taka take ciki, kishiyar na farko ne. Ba ya cewa ka zo, yana cewa in ka zo ka kama kanka: kada ka tsinki fure, kada ka kunna wuta, kada ka shigo da kare, ka koma da shararka. An yi dokokin kare wurare tun kafin yaƙin duniya na biyu, kamar ta 1906 da ta 2 ga Mayu 1930, amma lokacin da irin wannan fasta mai hoto ta yawaita shi ne daga shekarun 1960, kuma akwai dalili. A wannan zamanin ne gwamnati ta duƙufa gina manyan wuraren wasan zamiya a can ƙololuwar tsaunuka, shirin da ake kira Plan neige. La Plagne ta buɗe a 1961, Les Arcs a 1968, duk a maƙwabtan Vanoise. A 1969 aka nemi a yanki wani ɓangare na gandun kansa, wajen daskararriyar ƙanƙarar Chavière, a haɗa da aikin gina wurin wasan zamiya na Val Thorens. Masana da ƙungiyoyin kare halittu suka tashi tsaye, aka yi ta ja-in-ja har 1971, lokacin da Shugaba Pompidou ya yanke cewa ba za a taɓa iyakar gandun ba. A shekarar ce kuma aka kafa ma'aikatar muhalli ta farko a Faransa, Robert Poujade ne ministanta. Wanda ya san wannan rikici zai gane me ya sa a fastocin nan ake zana tsauni fayau, babu otal babu igiyar ɗaukar mutane, in ma akwai ɗan Adam to ɗan mitsitsi ne a can ƙasa.

Dabbar da ka gani kuwa ita ce bouquetin, bunsurun tsaunin Alps. Mafarauta sun kusa ƙarar da shi, ya tsira ne a ɓangaren Italiya, a Gran Paradiso, wanda ya zama gandun ƙasa a 1922 kuma yake iyaka da Vanoise. Kare shi yana cikin manyan dalilan kafa gandun, shi ya sa yake yawan fitowa a zane.

Yanzu ga yadda za ka matse shekarar. Ka bar kallon hoton, ka karanta ƙananan rubutun gefe, domin su ne ba sa ƙarya.

In akwai adireshi, duba lambar gidan waya. Lamba mai alƙalami biyar, kamar 73000 ta Chambéry inda hedikwatar gandun take, ta fara aiki ne a 1972. In ka ga alƙalami biyu kawai kafin sunan gari, to tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1972 ke nan. In akwai lambar tarho, mai alƙalami takwas ta shigo a 1985, mai goma a Oktoban 1996.

In akwai sunan ma'aikata, ya fi komai amfani, saboda Faransawa sun yi ta canza shi. Kafin 1971 gandaye suna ƙarƙashin ma'aikatar gona. Daga 1971 "Protection de la nature et de l'Environnement". Daga 1974 zuwa 1977 "Qualité de la vie". Daga 1978 zuwa 1981 "Environnement et Cadre de vie".

Sai tambari. Tambarin nan mai murɗewa kamar gidan katantanwa, wanda aka haɗa da siffofin dabbobi da tsirrai, na gandayen Faransa duka, a 1990 aka yi shi. In yana jikin fastarka, to bugun bayan 1990 ne ko da zanen ya girme shi. Haka ma in ka ga kalmar "cœur" ana nufin tsakiyar gandu, bayan dokar 2006 ke nan, kafin nan "zone centrale" ake cewa.

Wannan bambanci tsakanin shekarar zane da shekarar bugu shi ne inda masu saye suka fi tuntuɓe. Zane ɗaya ana iya sake buga shi sau da yawa, kuma da izini. Irin wannan ba jabu ba ne, amma darajarsa ba ta kai ta bugun farko ba. In kana son abin kwatance, Samivel ya bar wa gidan tarihin al'adu na Geneva ayyukansa, sannan Bibliothèque Forney a Paris tana da tarin fastoci mai yawa.

Tsohon Maɗaba'i:

Malam Mai Bin Tarihi ya gama da shekara, bari in ɗauki batun ɗige, domin a nan ne maganar da ka ji take da rabin gaskiya.

Ƙa'idar "ɗige yana nufin kwafi" daidai take ga fastar Broders ta 1930. Ga fastar 1965 ko 1975 kuwa kuskure ce, saboda a lokacin yawancin fastoci da injin ofset ake buga su tun asali. Ƙari a kan haka, Samivel da fentin ruwa ya fi yin zane, kuma fentin ruwa yana da launi mai narkewa a hankali, daga shuɗi mai duhu zuwa fari. Hanyar da ta fi fitar da wannan ita ce a ɗauki hoton zanen, a raba shi launi huɗu, a buga da ɗige. Don haka ɗigen da ka gani abin da ake tsammani ne. Tambayar da ta rage ita ce, wane irin ɗige ne.

Samo gilashi mai ƙara girma sau 10, in da hali da mai sau 30. Shimfiɗa fastar a tebur mai tsabta kusa da taga, ka wanke hannu ka busar. Sai ka duba wurare uku: sararin samaniya, bakin manyan baƙaƙe, da ƙaramin layin sunan maɗaba'a a gefe.

Litogirafi na gaske, wanda aka zana da hannu a kan dutse ko farantin zinki, launinsa a shafe yake, ko kuma ya fito da tsaki-tsaki marar tsari kamar an goga alli a jikin bango. Wani lokaci za ka ga feshi kamar an watsa tawada da buroshin haƙori, dabarar da mai zanen fasta Jules Chéret ya shahara da ita. Kowane launi da nasa dutsen, shi ya sa a inda launuka biyu suka haɗu za ka tarar ɗaya ya ɗan hau ɗaya, ko an bar siririn fari a tsakani.

Ofset kuwa ɗigensa a jere yake kamar shukar layi, launi huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowane launi an karkata jerinsa zuwa kusurwa daban, yawanci baƙi digiri 45, ja 75, shuɗi 15, rawaya 0, sai haɗuwarsu ta ba da ƙananan zobba kamar furanni. In ka ga waɗannan zobban a tsabtace, alama ce mai kyau.

Injin fesa tawada na zamani, wanda ake yin yawancin kwafin yau da shi, ɗigensa ƙanana ne ƙwarai, a warwatse kamar an zubar da gero, babu layi babu zobe. In wannan ka gani, magana ta ƙare, kwafi ce. Injin leza kuma tawadarsa tana zaune a kan takarda tana ɗan sheƙi in ka karkata ta ga haske.

Sauran wahala ita ce kwafin da aka yi da ofset daga tsohuwar fasta. Ga inda yake tona kansa. A bugun asali, baƙin rubutu ana buga shi da tawada guda a shafe, bakinsa kaifi kamar an yanka da reza. A kwafi kuwa, da yake hoton fastar gaba ɗaya aka ɗauka, rubutun ma ya zama hoto, sai ka ga bakin baƙaƙen ya farfashe zuwa ɗige masu launi. Ƙaramin layin maɗaba'a shi ya fi shan wahala, yakan fito dishi-dishi, ko a yanke shi ɗungurum. Na biyu, ɗigen tsohuwar fasta da na sabon bugu suna karo, sai wani zane mai kama da saƙar tabarma ya bayyana a wuraren da ya kamata su zama sumul, musamman a sararin samaniya. Na uku, kuma wannan yana da daɗin kamawa: shafa yatsa a kan layin naɗi da tabon tsufa. In ido yana ganin layi amma yatsa bai ji komai ba, bayan takardar ma babu alamarsa, to hoton naɗin aka buga.

Akwai gwajin tocila mai hasken UV, irin ta masu duba kuɗin jabu. A ɗaki mai duhu, haska bayan takardar. Tun daga shekarun 1950 masana'antu suka fara sa wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda yake walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin wannan haske. Fastar da aka ce ta 1930 ce in ta yi walƙiya, an kama ta. Amma ga taka gwajin ba zai yanke hukunci ba, domin takardar 1965 tana iya yi, tana iya ƙin yi. Na faɗa ne don kada wani ya haska maka ita ya ce ga shaidar jabu.

Sai awo. Auna da ma'aunin ƙarfe, ba na tela ba. Girman 60 da 80 sananne ne a Faransa, kamar 40 da 60, da 80 da 120, da 120 da 160. Fastocin jirgin ƙasa na da sukan zo wajen 62 da 100. In awo ya faɗa daidai kan A2, wato 42 da 59.4, ko kan ma'aunin inci na Amurka kamar 24 da 36, sai a ƙara sa ido. In kuma ya gaza da santimita ɗaya ko biyu a gefe guda, mai yiwuwa wani ya datse ta don ta shiga firam, wannan yana rage daraja amma bai sa ta zama jabu ba.

Ɗan Damagaram:

Allah ya ƙara ilimi, malamai. Na sake dubawa yadda kuka ce. Zobban ɗigen suna nan a tsabtace, bakin manyan baƙaƙen kaifi ne babu farfashewa, layin naɗin kuma yatsa yana jin sa gaba da baya. Babu tambarin nan mai murɗewa, babu lambar tarho. Takardar tana da ɗan santsi da sheƙi a fuska, bayanta kuma ba ya sheƙi. Saura batun salatif da tabo da firam. Wani mai shago ya ba da shawarar a yi mata laminatin a huta.

Hajiyar Adana Takardu:

Ɗan'uwa, don Allah kada a kai ta wajen laminatin. Roba ce ake narkawa da zafi ta shige cikin zaren takarda, ba ta fita har abada, kuma fastar da aka yi wa haka ta tashi daga kayan tarihi. Haka ma manna ta a kan falanki ko kwali da gam. Doka ta farko a wannan aiki ita ce, duk abin da za a yi wa takarda ya zama ana iya warware shi.

Abin da ka faɗa game da santsin fuska yana da muhimmanci. Takarda ce mai shafen farar ƙasa a sama, wadda Faransawa ke kira couché. Irin wannan ba ta son ruwa ko kaɗan. In ta jiƙe shafen yakan yi laushi, ya manne da duk abin da ya taɓa shi, in an ɗaga sai hoton ya biyo. Saboda haka wankin da ake yi wa tsofaffin litogirafi a cikin ruwa don cire tsami, ba na taka ba ne, kuma ba aikin gida ba ne.

Fara da ƙura. Buroshi mai laushi sosai, irin na kwalliya sabo fil, ka share daga tsakiya zuwa gefe, gaba da baya. Kada ka sa abin goge fensir a kan hoton, yana barin wuri mai sheƙi da ba ya gyaruwa.

Salatif kala biyu ne a tsufansa. In ya bushe ya yi rawaya har robar tana ɗagowa da kanta, sa siririyar wuƙa marar kaifi a ƙarƙashi ka ɗauke robar, ka bar tabon. In har yanzu yana da danƙo, kada ka ja, zai ɓare fatar takardar. Kada kuma a kusanto da fetur, kananzir, turare ko ruwan goge farce, domin suna narka gam ɗin su tura shi cikin takarda har ya ɓullo ta fuska. Yanko 'yar takarda marar tsami ka rufe wurin don kada ya manne da wani abu, ka bar sauran ga ƙwararre. Tabon nan masu launin ƙasa kuma, laima ce ta tayar da su, ta hanyar fumfuna ko ɗan ƙarfen da ke cikin takarda. Ba a sa musu bilic ko lemon tsami. In wuri ya bushe ba sa ƙaruwa, kuma wannan ya wadatar.

Layin naɗi: kada a sa dutsen guga. Buɗe ta a hankali, shimfiɗa tsakanin takardu masu shan ruwa guda biyu masu tsabta, ɗora gilashi ko katako mai sumul, sannan littattafai a baje ko'ina daidai, a bar ta mako biyu zuwa uku. Kada a yi wannan da hunturu tsaka, lokacin takarda ta bushe ƙarau, layin naɗi yana iya tsagewa da buɗewa kawai. Farkon damina ya fi, sa'ad da iska ta ɗan yi laushi. Layin ba zai ɓace gaba ɗaya ba, kuma ba aibi ba ne.

Firam kuwa ga jerinsa daga gaba zuwa baya. Gilashi ko roba mai tace hasken UV. Sai tazara ta aƙalla milimita 3 tsakanin gilashi da fasta, da kwalin gefe ko 'yan sanduna a ɓoye cikin firam, domin in takarda mai shafe ta jingina da gilashi laima ta taru, mannewa za ta yi. Sai fastar. Sai kwali marar tsami, na auduga in an samu. Sai marfin baya. Kwalin katan da falanki suna fitar da tsami, su ne ke sa takarda ta yi ruwan ƙasa ta riƙa karyewa. In dole sai an yi amfani da falanki a baya, a raba shi da kwalin da takardar alminiyam.

Ana rataye fastar ne a jikin kwalin da 'yan maratayai na takardar Japan, wata siririyar takarda mai ƙarfi, a gefen sama kaɗai. Ga mai faɗin 60, guda uku sun isa, kowane faɗin santimita 3, ya kama bayan fastar da kamar milimita 5 zuwa 8. Gefuna da ƙasa a bar su sake. Takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da rani, in an ɗaure ta kusurwa huɗu sai ta yi tudu a tsakiya ko ta yage.

Gam ɗin na sitacin alkama ne. Giram 10 na sitaci a ruwa mai tsabta mililita 100, a jiƙa, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa minti 20 zuwa 30, har ya tashi daga fari ya zama garai-garai kamar kamu ya dahu. A bar shi ya huce, a tace da rariya mai laushi, a sassauta da ɗan ruwa. A shafa kaɗan a jikin maratayin, a jira sheƙin ruwan ya ɗauke kafin a ɗora, a danne da takarda mai shan ruwa da ɗan nauyi na awa guda. In ya yi ruwa da yawa, wurin zai kumbura ya nuna ta gaba. A zafin Zinder ba ya kwana biyu sai ya yi tsami, a dama sabo kowane lokaci.

Wurin ratayewa ya fi firam ɗin kansa muhimmanci. Gidajen tarihi suna riƙe takarda a hasken da bai wuce lux 50 ba, wato haske dishi-dishi, zafi wajen digiri 18 zuwa 20, laima kashi 45 zuwa 55. A gida ba za a samu haka ba, abin da za a nema shi ne kada yanayi ya riƙa tsalle. Bangon ciki, ba wanda rana ke duka ta waje ba, nesa da taga, nesa da madafa da hayaƙin turaren wuta, kuma ba a saitin na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa ana kashewa ba. Laima in ta haura kashi 65 ta daɗe, fumfuna ta samu gida. A liƙe bayan firam da takardar gam saboda ƙurar hunturu da kyankyaso, a sa 'yan ƙwallayen roba a kusurwoyin baya don iska ta ratsa, kuma a riƙa sauke shi duk ƙarshen damina a duba ko gara ta yi hanya a bangon.

Abu ɗaya game da kodewa da ya shafi fastocin tsauni musamman. A bugun ofset, rawaya da ja su ke fara gudu a haske, shuɗi da baƙi su daɗe. Da yake hoton ƙanƙara da sama dama shuɗi ne, ido ba ya lura, sai bayan shekaru a ga ciyawar ta koma shuɗi-shuɗi, jikin bunsurun ya zama toka. Ɗauki hotonta yau da rana a inuwa, da farar takarda a gefe, ka adana don kwatance duk shekara.

Tsohon Maɗaba'i:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara uku, in kuma ɗan saɓa mata a ɗaya.

Za a ba ka shawarar a yi mata abin da Faransawa ke kira entoilage, wato a manna fasta da gam ɗin sitaci a kan takarda marar tsami wadda ita ma aka manna a kan yadin auduga mai kauri da aka ɗaure a katako, in ta bushe a yanko. Aiki ne mai kyau ga babbar litogirafi mai siririyar takarda da ta yayyage, kuma ana iya warware shi. Amma ga fasta mai 60 da 80 a takarda mai shafe, wadda ba ta yage ba, ban ga amfaninsa ba, kuma aikin da ruwa ake yin sa, da duk haɗarin da Hajiya ta faɗa.

Inda na saɓa shi ne sitaci. Yana da ƙarfi, amma abinci ne ga kyankyaso da ƙwaron nan mai launin azurfa da ke kiwo a bayan littattafai. A ƙasa mai zafi na fi son garin gam da ake kira metilselulos: giram 4 a ruwa mililita 100, a zuba a ruwan zafi a juya, a bar shi ya kwana a wuri mai sanyi ya zama kamar yauƙin kuɓewa. Ƙwari ba su damu da shi ba, ba ya saurin lalacewa, kuma ga fasta marar nauyi kamar wannan riƙonsa ya isa. In ta fi haka girma, sitacin Hajiya ne.

Ma'aunin laima kuma, masu arha sukan yi ƙarya da kashi biyar zuwa goma. Zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, sa shi da ma'aunin a cikin roba mai murfi, rufe awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san duk abin da ya faɗa sai ka ƙara bakwai.

In kuma za a yi tafiya da ita kafin a sa firam, a naɗe ta a bayan bututun kwali mai faɗin santimita 10 ko fiye, da takarda marar tsami a tsakani, sannan a zura duka cikin bututu mafi girma. Cusa ta kai tsaye cikin siririn bututu shi ke fasa shafen fuskar a kan tsofaffin layukan naɗi, sai farin layi ya fito a tsakiyar tsaunin.